Nijar da Benin: abin da tsibirin Lete ya koya wa maƙwabtan biyu

Duk mai bibiyar taƙaddamar Yamai da Kotonu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 zai ɗauka sabon abu ne. Ba haka ba ne. A ƙarshen 1963, rigima kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara ta kai Nijar ga korar ƴan Dahomey masu aiki a ƙasarta, har aka fara jibge sojoji a bakin iyaka. Zaman sulhu na shugabannin yankin ne ya kwantar da ƙurar, ba bindiga ba. Daga baya ƙasashen biyu suka amince su kai maganar kotun duniya da ke Hague, wadda a ranar 12 ga Yuli 2005 ta ba Nijar Lete, ta kuma raba sauran tsibiran tsakaninsu. Benin ta karɓi hukuncin.

Rikicin baya-bayan nan ya fi wancan wuya, domin ba gona ko kiwo ake ja a kai ba, yarda ce ta ɓace. Bayan CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta a Malanville, amma Nijar ta bar gadar Gaya a toshe, tana zargin maƙwabciyarta da ba sojojin Faransa mafaka. Kotonu ta musanta. A watan Mayu shugaba Patrice Talon ya hana lodin ɗanyen man Agadem a tashar Seme, sai da ƙasar Sin, mai jari a bututun, ta sa baki kafin jirgin farko ya ɗauki kaya. A watan Yuni kuma tsofaffin shugabannin Benin, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka zo Yamai suka gana da Janar Tiani.

Abin lura shi ne kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ke buƙata. Man Nijar ba shi da hanyar teku sai ta Seme, tashar Kotonu kuwa ta yi asarar babban abokin ciniki. Wannan ne ya sa zafafan kalamai ba su kai ga harbi ba. Sai dai talaka ne ya biya kuɗin jan lokacin: kayan da a da ke shigowa ta Gaya sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuma ɗan kasuwar Maradi ya ɗora wa mai saye kuɗin wannan doguwar hanya.