A Auna Mana Gas Da Sikeli

Edita,

Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana masu shayi, masu tuyar ƙosai da matan gida game da awon iskar gas.

Tun 2024 da kilo ɗaya ya haura naira 1,000, kowane ɗigo kuɗi ne. To amma da yawanmu mitar mai ɗurawa kawai muke kallo, ba mu san me take ƙirgawa ba. Jama'a, lita daban, kilo daban. Litar gas ɗaya nauyinta rabin kilo ne da ɗan ɗoriya, wato sai an zuba kusan lita 2 kafin a cika kilo. Idan mita lita take ƙirgawa aka caje ka kuɗin kilo, wallahi kusan rabin kuɗinka ya tafi. Kuma zafin girki a nauyi yake: kilo ɗaya yana ba da zafi kamar na yunit 13 na wutar lantarki.

Maganin a hannunmu yake. A jikin tukunya akan buga nauyinta ba komai a ciki, kusa da haruffan TW. A ɗora ta a sikeli kafin ɗuri da bayansa. Abin da ya ƙaru shi za ka biya.

Ina roƙon sashen awo na ma'aikatar ciniki ta tarayya ya riƙa zagayawa har ƙauyuka yana duba mitoci da sikeli. Masu ɗuri kuma ku ji tsoron Allah, tauye mudu ba ya albarka.

Naku,
Mai karatu daga Kano.