Wasan Yara a Cikin Gida Ba Shashanci Ba Ne

Da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye, mun ga abin da ya tsaya mana a rai. Yara biyu ne tsara, rana ɗaya aka kawo su aji ɗaya. Na farkon kadan aka zuba masa tsakuwa goma aka ce ya raba biyu, nan da nan sai ya raba. Na biyun kuwa sai ya sunkuyar da kai, ko sunansa ba ya faɗi sai an matsa masa. Da muka bincika, ashe na farkon a hannun kakarsa ya tashi, tsohuwa mai yawan tatsuniya, wadda ba ta hana shi wasa da yumɓu. Na biyun a ɗaki aka tsare shi don kada ya ɓata riga, in ya yi kuka a miƙa masa waya ya kalla.

To, jama'a, mu a ganinmu makarantar yaro ta fari tsakar gida ce, malaminsa na fari kuwa mai rainonsa. Ku duba wasan tuwon ƙasa. Yarinya 'yar shekara huɗu ta auna rairayi da gwangwani, ta zuba ruwa, ta ga ya yi ruwa-ruwa ta ƙara ƙasa, sa'an nan ta kwashe malmala ta raba wa 'yan tsanarta, kowace da rabonta. Awo ke nan, da ƙidaya, da rabawa, watau abin da mu ke fama da shi a kan allo wata da watanni. Carafke na koya wa ido da hannu tafiya tare, hannun nan kuwa shi zai riƙe alƙalami gobe. Yaron da ya fere karan dawa ya haɗa mota ya rigaya ya gane ba ta tafiya sai ƙafafunta sun yi daidai. Kacici-kacici da tatsuniya su ke buɗe baki. Waɗansu dattawa su kan ce tatsuniya ƙarya ce, Gizo kuma ba abin koyi ba ne. Lalle ba abin koyi ba ne, amma ai sau da yawa wayonsa ne ke ƙare masa a ka, yaro kuma yana lura.

Turawa ma ba wata gagarumar dabara suka zo da ita ba. Friedrich Froebel, mutumin Jamus, da ya buɗe gidan wasan yara a 1837, ƙwallayen zare da 'yan guntayen katako ya ba su. Likita Maria Montessori ta buɗe nata a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta sa yara shara da wanke hannu da ɓalla maɓalli. Wace uwa ce a ƙasarmu ba ta da tsintsiya da ƙoƙo? Batun waya kuwa, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce sa'a guda a yini.

Amma ba mu ce a saki yaro sakaka ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara saboda gubar dalma, domin ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, a kan ƙasar da su ke rarrafe suna kai hannu baki. Wajib ne a san ƙasar da yaro ke wasa a kai, a rufe rijiya, a nisanta shi da murhu.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. A gidaje da yawa mai rainon nan ita kanta 'yar shekara bakwai ce, an ɗaura mata goyo tun hantsi, ta rasa wasanta ta rasa makaranta, mai bayan kuma ba mai yi masa magana. Muna roƙon iyaye mata su karɓi goyon nan da safe, yarinya ta tafi aji. Kadan uwa na tankaɗe, ta ajiye yaron kusa da ita a kan tabarma, ta ba shi ludayi da 'yar ƙwarya, ta riƙa gaya masa sunan kowane abu da ta ɗauka.