Ƙarfen da ka tsinta a daji, kada ka goge shi

1/ Akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a TikTok da YouTube: Bature ya ɗauko tsohon harsashin tankar yaƙi da tsatsa ta cinye, ya kankare, ya goge, ya shafa fenti, ya jera shi a falo cikin kayan soja da yake tarawa. Da daɗin kallo, ban musa ba. Amma ina da magana a kai, musamman ga mu na Bagudo da bakin iyakar Benin. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/ Abin da bidiyon minti uku ba ya nuna maka: masu hankalin cikinsu ba a gona suke tsintar abin ba. Ko dai na atisaye ne wanda tun daga masana'anta ba a zuba masa abin fashewa ba, ko kuma ƙwararru sun riga sun kwashe cikinsa kafin a sayar. Fanko yake gogewa. Kai kuma da ka gani a waya, kallon kitse kake wa rogo.

3/ Mu fara rabe abu biyu. Akwai kwanso, wato gwangwanin da ke saura a bindiga bayan an harba, sau da yawa na tagulla. Akwai kuma kan harsashin, shi ne mai tashi ya je ya faɗi. Abin fashewa a cikin kan yake, tare da ɗan abin da ke tayar da shi. Na tankar T-72, irin wadda sojojinmu ke da ita, faɗinsa milimita 125. Ba abin wasa ba ne.

4/ Wanda aka harba ya faɗi bai tashi ba, shi ya fi kowanne sharri. Harbin da aka yi ya riga ya ɗana shi, wani ɗan abu ne kawai ya maƙale a ciki. Maciji ne da ba a sare kansa ba. Guduma, wuta, walda, ko jefa shi bayan mota, kowanne na iya ƙarasa aikin. Tsatsa kuma a waje take, na cikin bai san an tsufa ba. Wani sinadarin ma ƙara saurin fushi yake idan ya daɗe.

5/ Na san za a ce "ai wanga ya mutu tun tuni". To ku ji. A 2008, a jihar Virginia ta Amurka, wani mai tara kayan yaƙi da ya shekara da shekaru yana irin wannan gyaran ya mutu a ƙofar gidansa. Harsashin igwa ne na yaƙin basasarsu, yaƙin da ya ƙare a 1865. Sama da shekara 140 abin na kwance, ranar da aka taɓa shi ya tashi. Gwani ne fa, ba ɗan koyo ba.

6/ A Faransa da Beljiyam har yau manoma na tono harsasan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare a 1918. Ba sa kai su falo. Masu kwance bam ake kira su zo su kwashe.

7/ Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Yunin 2025, a Kano, wani bam na soja da ya shigo cikin lodin tsofaffin ƙarafa daga Yobe ya tashi wajen Eastern Bypass, mutum 5 suka rasu. Masu neman na tuwo ne. Wani can baya ya tsinta, ya ɗora a sikeli, ya karɓi kuɗinsa ya wuce, su kuma suka biya da rayukansu.

8/ Wannan shi ne "tara kayan yaƙi" irin namu. Ba mu da falon ajiya, jari-bola gare mu. Yaro ya ga ƙarfe mai nauyi a kiwo, yana ganin ya tsinci dami a kala. Idan da tagulla a jiki, ta fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, sai a nemo guduma a ɓamɓaro ta. Yanzu kuma ga bidiyo ya zo ya ƙara masa da cewa abin ado ne, har zai iya samun mabiya da shi.

9/ Da can wannan maganar ta mutanen Borno da Yobe ce. Yanzu fa? Lakurawa sun shigo Kebbi, sojoji na bin su a dazuka. Tsallaken iyaka, a Alibori da dajin W, sojojin Benin na fama da nasu masu ɗauke da makamai. Duk inda aka yi harbi ana barin saura, damina kuma ta binne wani ta tono wani. Tsakanin Tsamiya da Segbana, ko ta Lolo da Illo, mutane da kaya kullum cikin tsallakawa suke. Buhun ƙarfe ba ya faɗin abin da ke cikinsa.

10/ "To kwanson fanko fa, wanda kowa ya ga ba komai ciki?" Tambaya ce mai kyau. Na farko, dokar makamai ta Najeriya ta hana riƙe harsashi ba lasisi. Ka tsaya a shingen jami'ai a hanyar Kaoje da dare ka yi musu bayanin bambancin fanko da mai rai, ka ce kai mai sha'awar tarihi ne. Allah Ya ba da sa'a.

11/ Na biyu, kuma shi ya fi damuna: gogewar nan ɓarna ce. A gindin kwanso da jikin harsashi akwai rubutu da lambobi: girmansa, masana'antar da ta yi shi, shekara, da rukunin da aka ƙera shi. Da irin lambobin nan ƙungiyoyi kamar Conflict Armament Research ke bin sawun makami, su gano daga rumbun wace ƙasa ya fito, ta ina ya biyo. Mu da muke tambaya kullum "wai ina suke samun makaman nan?", wani ɓangare na amsar a jikin ƙarfen yake. Ka sa samfefa ka shafe shi don ya yi ƙyalli a hoto.

12/ Ni ma ina son kayan tarihi, kada a ce ba na so. Ku je gidan tarihi na Kanta a Argungu ku ga masu da takubba da bakuna na Kabawa. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi, da motocin sulke da makaman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera. Abin da ya ba su daraja, an san na waye, an san daga wane yaƙi. Wata rana abin da ke faruwa da ƙauyukanmu yanzu zai buƙaci irin wannan ɗakin, kuma da sunan gari da shekara za a so shi.

13/ Amma laifin ba na yara kaɗai ba ne. Me ya sa mutum zai ga abu irin wannan ya yi shiru, ko ya sayar a ɓoye? Tsoro. Yana gudun ya je ya faɗa a ce "ya aka yi ka san wurin?", ya kwana a bayan kanta, danginsa su shiga neman kuɗin beli. Matuƙar mai kai rahoto zai koma wanda ake tuhuma, mai sikeli ne zai riƙa samun kayan, don shi ba ya tambaya.

14/ Don haka roƙona ga gwamnatin Kebbi da sarakunanmu: a fito a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Dandanci, a ce wanda ya nuna wurin ba abin da zai same shi, kuma a cika alkawarin. A tara shugabannin 'yan jari-bola a nuna musu hotunan abin da ba a saye. Su ne shingen ƙarshe kafin kaya su hau tirela.

15/ Kai kuma idan ka gani: kada ka taɓa, kada ka shura, kada ka jefe shi da dutse don gwaji. Ka koma ta inda ka biyo. Ka sa alama daga nesa, ka kori yara da dabbobi. Ka gaya wa mai unguwa ko hakimi ku je tare, don kada ka zama kai kaɗai, a kira 'yan sanda masu kwance bam ko sojoji.

16/ Mai ƙani da ke fita kiwo ko yawon gwangwan, ya karanta masa lamba 4 da 15 yau da dare. Yawancinsu ba sa nan dandalin.