Jami'a, ina rabon mai hatsi?

A karkarar Gobir da Adar da Damagaram an saba da wani baƙo mai zuwa lokacin hutu: ɗalibin jami'a ne da littafi da na'urar ɗaukar magana. Ya zauna gaban dattijo ko maroƙi ko ungozoma, a ba shi ruwa, a ba shi tarihin gari da sunayen itatuwan magani, duka cikin hausa. Ya koma Yamai, ya zuba abin cikin faransanci, ya kare kundinsa gaban malamai, a yi tafi. Daga nan kundi ya hau kanta, ƙura ta rufe shi. Dattijon da ya ba da ilimin zai mutu bai ji ko layi guda na abin da aka rubuta da bakinsa ba. Mai hatsi ya kai niƙa, an hana shi gari.

Abin takaici, sunayen da ke bisa ƙofofin jami'o'in sun isa su zama tuni. Jami'ar Yamai, wadda aka kafa a 1971, tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun 1992. Wannan masani, haifaffen Tasawa, tun 1964 ya nuna cikin littafinsa L'Éducation en Afrique cewa karatun da ya juya wa harsunan gida baya ba zai ɗaga Afirka ba. Jami'ar Damagaram ta ɗauki sunan André Salifou, ta Tawa kuma sunan Djibo Hamani. Na farko ya rubuta tarihin sarautar Damagaram, na biyu tarihin Adar, dukansu da faransanci, yadda zamaninsu ya tilasta. Shekara hamsin ke nan, jikokin waɗanda suka ba da labarin suna jiran a mayar musu da shi.

Masu kare wannan hali suna cewa hausa ba ta da kalmomin ilimi mai zurfi. To, a ƙetare iyaka a gani. A Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin digiri da hausa, har na dokta, kan nahawu da adabi da al'ada. Kalma ba ta faɗowa daga sama, masu aiki da harshe ke ƙera ta. Faransanci ma sai da ya ture latinanci kafin ya zauna kujerar jami'a. Wasu kuma su ce babu kuɗi, alhali ɗalibai na kukan bursi, malamai na kukan kayan bincike. Kukan gaskiya ne. Amma shafi biyar na taƙaitawa nawa zai ci, in an gwada shi da kuɗin taro guda a otal?

Masu biyan wannan bashi su ne malaman ƙananan makarantu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi cikin aji, kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga hausa ta zama harshen ƙasa. Amma malamin da zai koyar da tarihi ko kimiyya da hausa sai ya kwana yana fassara da kansa, don binciken da zai taimake shi yana kulle cikin harshen da ɗalibansa ba su mallaka ba. Doka ba ta rubuta littafi.

Abin da ake nema a fili yake. Kada a karɓi kundin da aka tattaro daga bakin jama'a sai da taƙaitawa cikin harshensu, hausa ne ko zabarmanci ko fulatanci ko kanuri ko tamajak. A kai kwafi garin da aka yi binciken, a karanta shi a rediyon karkara. A lissafa fassara cikin aikin da ke ƙara wa malamin jami'a girma. Ƙungiyoyin al'adu da na malamai su kai wannan buƙata gaban shugabannin jami'o'i a rubuce, su kuma nemi amsa a rubuce.