Maza na da dakali, su wa ke da gindin taga?

Ku zaga unguwannin Maradi ko Damagaram bayan la'asar, kusan kowace ƙofar gida da dakali, maza sun baje ana shan shayi ana shan iska. To, cikin gida fa? Tsohuwa tana ɗaki kan tabarma, gwiwa ta hana ta tashi. Ƴar lakwal tana laluben littafi a duhu don wuta ta ɗauke. Ga taga nan kusa da su, amma ba wurin zama a gindinta, sai akwati da tarkace.

Mu dai a ganinmu, kafin maigida ya ci bashi ya sayo manyan kujerun falo, ya fara kiran kafintan unguwa ya yi masa benci na katako a gindin taga. Kujerun soso suna cinye rabin ɗaki, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wa ke iya zama kansu? Na roba kuwa, rana ta gasa su shekara ɗaya biyu, ƙafa ta karye da baƙo a kai.

Aikin ba wuya. Tsawo daga ƙasa kamar santimita 45, faɗi ma kusan haka, tsayi daidai da tagar. A yi shi kamar akwati mai murfi, a zuba barguna da kayan sanyi a ciki, ƙurar hunturu ba ta same su ba. A ɗora ƴar katifa siririya, shi ke nan.

Amma a kula da gara, ita ce ke cinye kuɗin mutane. Kada katako ya zauna kan ƙasa kai tsaye, kada ya manne da bangon laka. A yi masa ƙafafu, a bar ɗan tsakani yadda tsintsiya za ta shiga. Wasu kafintoci na shafa baƙin mai a ƙafafun, sai dai warinsa a ɗakin kwana ba daɗi, fenti ya fi. Katakon kuma ya zama busasshe, ɗanye yana lanƙwashewa in ya sha zafi. Gidan da ke da yara, a huda ramukan iska a jikin akwatin, don yaro na iya shigewa wasan ɓuya murfi ya rufe.

Mun san abin da wasu za su ce: mace a bakin taga, ai sutura ta tafi. Magana ce, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai ba tagar titi muke nufi ba. A zaɓi wadda ke kallon tsakar gida, uwar gida na zaune tana tsintar shinkafa tana ganin yara da tukunya. In da hali a kauce wa ta gabas, don ta nan hadarin damina ya fi bugowa, ta yamma kuma rana ce har magariba. Ta arewa ta fi sanyi yawancin shekara.

Kuma kada a manta da raga a tagar. In ba haka ba, daga Yuli zuwa Oktoba sauro aka yi wa benci.