Buguwar ƙwaƙwalwa: Neman diyya ba jayayya da ƙaddara ba ne

A kan titunanmu, idan mota ta buge mutum ya miƙe da ƙafafunsa babu jini, jama'a sai su ce Allah ya kiyaye, a ba shi kuɗin magani, a watse. A ganina wannan afuwa ta gaggawa tana cutar da talaka ƙwarai.

Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa na iya girgiza a cikin ƙoƙon kai ba tare da fata ta fashe ko mutum ya suma ba. Alamominta, wato ciwon kai, jiri, amai da mantuwa, kan bayyana bayan sa'o'i ko kwanaki. Yawancin mutane suna warkewa cikin makonni, amma wasu kan shafe watanni ba su iya aiki. A lokacin direban ya yi nisa, ɗawainiya kuma ta koma kan iyali.

Shari'ar Musulunci ba ta ɗauki raunin kai da wasa ba. A fiƙihun Malikiyya, raunin da ya bayyana ƙashi diyyarsa raƙuma 5 ne, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya, gushewar hankali kuwa diyya cikakkiya. Dokar ƙasa ma ta wajabta wa masu ababen hawa inshorar da za ta biya wanda suka raunata, yayin da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. To, me ya sa muke kallon mai neman haƙƙinsa a matsayin maras tawakkali?

Sai dai alƙali da hujja yake aiki. Dole mai ƙara ya nuna cewa an yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Don haka a je asibiti a ranar, a karɓi rahoton likita da na 'yan sanda, a adana rasidai, a san shaidu. A kuma gaggauta, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar na shigar da ƙara a kansu.

Ina kira ga likitocinmu da su riƙa rubuta cikakken rahoto, ga lauyoyi da Hukumar Ba da Agajin Shari'a su matso kusa da marasa ƙarfi, ga malamai kuma su bayyana wa jama'a hukuncin diyya. Yafiya alheri ce, amma sai wanda ya san girman rauninsa da haƙƙinsa ne zai yafe da gaskiya. Muddin ganganci bai jawo wa mai shi asara ba, ba zai daina ba.