Gidan Yarin Sakkwato da Masu Jiran Shari'a

Har zuwa 1968, En'e ce ke riƙe da yawancin gidajen yarin Arewa, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe su. A 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar shiga harkar, don haka gwamnatin Sakkwato ba ta da sauran uzuri.

Damuwarmu masu jiran shari'a ne. Mutum bai samu lauya ba, fayil ɗinsa ya maƙale, yana kwana a ɗaki cunkushe cikin zafin Afrilu, uwarsa na bakin ƙofa da kwanon tuwo. Dokar gidajen yari ta 2019 ta yarda kwanturola ya ƙi karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. Muna roƙon Babban Jojin jihar ya yawaita shiga gidan yarin yana duba fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya.